Ramin da Baba Ya Yi wa Mama a Takalmi

Babanmu shumeka ne. Na san kowane layi akwai shumeka amma namu daban ne wallahi, ba don ubana ba ne nake faɗa. Shi ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Kana masa sallama idonsa na ƙasa, kafin ka zauna a benci ya riga ya san kana jan ƙafar hagu ko bayanka na ciwo ko takalmin nan ba naka ba ne aro ka yi. Shi ya sa duk titinmu ba mai kiransa da sunansa, Dunduniya kawai ake cewa, yara da manya, kuma yana amsawa.

Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, 'yar mitsitsiya, in ya buɗe hannu biyu zai taɓa bango da bango. Akwai bencin da masu kawo gyara ke zama, akwai ƙarfen nan mai ƙafa uku da yake kifa takalmi a kai ya buga ƙusa, gwangwanin gam, basilla, zare baƙi da ja, reza a cikin kwalbar magani, sai tarkacen soso da fata da guntayen taya, don Baba ba ya zubar da komai, ko igiyar silifas ce sai ya rataye ta ya ce ranarta na zuwa. Maƙwabcinsa Mai Faci ne, abokinsa tun kafin a haife ni, kullum cikin faɗa suke kuma kullum a kwano ɗaya suke cin abinci. Mai Faci ya ce masa, "Kai dai rayuwarka a shinshinar ƙafar mutane ta ƙare." Baba ya ce, "Gara ni, kai iska kake sayarwa."

A bencin nan ya samu Mama. Tana budurwa lokacin, ta zo wucewa igiyar takalminta ta tsinke daidai ƙofar rumfa, ta cire ta dangwarar masa a gaba ta ce, "Yi sauri ina da wajen zuwa." Ya juya takalmin ya kalli ƙasansa ya ce, "Wannan tafiyar soja ce, dunduniya biyu sun cinye daidai wa daida, ke ba kya karkata ko'ina." Ta ce, "Ɗinki na ce ka yi ba duba ba." Tun ranar yake ce mata Saja, ita kuma tana ce masa Injiniya, in ya ɓata mata rai ta ce Injiniyan silifas. Mu biyu suka haifa, Yaya da ta yi aure tana wani gari, sai ni Auta.

Mama shara da goge-goge take yi a wani ofis mai hawa huɗu, ta hau ta sauko ta hau ta sauko da bokiti a hannu, kuma da ƙafa take zuwa da ƙafa take dawowa, ta ce tsayuwar jiran mota ta fi tafiyar gajiyar da ita. Ni da nake yarinya in muka fita tare gudu-gudu nake yi a bayanta.

To Baba yana da wata dabara da ya yi suna a kanta, kuma ita ce tushen maganar nan duka. In mutum ya zo ya ce takalmi na cizonsa a waje kaza, ko yana da kanta ko wani ƙurji a tafin ƙafa, Baba ba ya tambaya da yawa. Sai ya ɗauki alli ya goga a daidai inda ke ciwon, ya yanko soso daidai ƙafar, ya ce taka. Mutum ya taka, alli ya fito fari a jikin soso. Sai ya ɗauki reza ya ƙwaƙule wajen a hankali ya yi ɗan rami, ya goge bakinsa sumul, ya shimfiɗa a cikin takalmi. In ka sa ƙafa, wajen ciwon sai ya faɗa cikin ramin ba ya taɓa komai. Na ga tsoho ya zo da sanda ya tafi ya manta ta a rumfa. Baba yakan buga ƙirji ya ce, "Duk wanda ya sa takalmina ba ya ɗingishi."

Wata rana Mama ta dawo aiki ta zauna a bakin ƙofa ta ce wani abu na tsikarinta in tana hawa bene. Baba ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ta hagu ce, a tafin, can wajen gindin 'yan yatsu. Wani baƙin tabo ne bai kai ƙwayar wake ba, gefensa ba daidai ba, wani wajen baƙi wani wajen ruwan ƙasa. Mama ta ce ƙila wani abu ta taka. Baba ya ce, "Auta, miƙo min alli." Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Mama ta sa takalmi ta taka ta taka, ta yi fareti a tsakar gida tana sara masa, muna ta dariya muna tafi, har maƙwabta suka leƙo. Ranar Baba kamar an ba shi kyautar mota.

Bayan wasu watanni ta ce ya fara taɓawa kuma. Ya duba ya ce ai soson ne ya kwanta, ya sake wani, ramin ya ɗan fi faɗi. Tsohon ya rataye shi a ƙusa a rumfa kamar yadda ya saba. Haka aka yi ta yi, sabon soso sabon rami, tsoho ya hau ƙusa. Da farko faɗi ramin yake ƙarawa, daga baya abin ya fara tasowa kamar ƙullutu sai ramin ya koma ƙara zurfi, har soso ɗaya ya daina isa ya koma haɗa biyu da gam. Da ya fara tsattsafo da jini yana ɓata mata safa sai ya shimfiɗa baƙin ƙyalle mai laushi a cikin ramin. Har nuna wa masu kawo gyara yake yi, ya ce ku ga aiki, matata da wannan take hawa bene huɗu ko uhum ba ta cewa.

Sau ɗaya, ina wajen, Mama tana kallon ƙafar ta ce, "Injiniya, anya ba zan leƙa asibiti ba?"

Baba ya yi dariya ya ce, "Asibitin me Saja, ga asibiti a gidanki? Su za su sa ki layi tun safe su ba ki man shafawa."

Ita ma ta yi dariya, magana ta wuce. Wannan maganar ita ce yanzu take cin Baba, in ka gan shi ya yi shiru yana motsa baki to ita yake maimaitawa.

Shekara ta zagayo har ta kusa sake zagayowa sai Yaya ta zo ganin gida. Ita Yaya bakinta ba birki. Mama na wanke ƙafa a bakin famfo Yaya ta hango, ta saki kwanon da ke hannunta ta ce, "Mama, mene ne wannan? Tun yaushe? Kuna cikin gidan nan da idanunku?" Sai a lokacin Mama ta ce ai har kaluluwa ta fito mata a matsematsin wannan ƙafar, ba zafi, amma ta ƙi komawa. Yaya ba ta ko tsaya jin ta bakin kowa ba, washegari da safe ta tasa ta a gaba sai asibiti. Can aka yanki ɗan naman tabon aka ce a dawo jin sakamako.

Ranar sakamako mu huɗu muka je. Likitar mace ce, ba ta da hayaniya, tana magana tana kallon idon mutum. Ta ce kansar fata ce, sunanta melanoma. Yaya ta ce ita ta ɗauka wannan ciwon fararen fata ne masu shanya jiki a rana. Likita ta ce mu ma yana kama mu, sai dai mu ya fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ba wanda ke dubawa. Sai ta juya ta ce, "Mama, abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Abu kamar wannan a inda ake takawa, yaya kika yi kike tafiya a kansa?"

Wayyo Baba. Wallahi fuskarsa har haske ta yi. Ya sunkuya ya zare takalmin Mama ya ciro soson ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, "Aikina ne, Likita." Kuma ashe ya zo da sauran a leda, duk waɗanda ke rataye a ƙusa, wai ko za su yi amfani. Ya jera su a kan teburinta daga na farko har na ƙarshe yana bayani, wannan da reza ɗaya na yi shi, wannan sai da na haɗa biyu.

Likita ta daɗe tana kallonsu. Ta sa yatsa a ramin farko, da ƙyar ya lotsa. Ta sa a na ƙarshe, kan yatsan ya shige. Sai ta ce bari ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce a fatar kowa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke ba fata launi. Wani lokaci ɗaya daga ciki sai ta ƙi jin magana, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas, ba tsayawa. Da farko a sama-sama suke bazuwa kamar an ɗiga tawada a tsumma. In aka ba su lokaci sai su fara nutsawa ƙasa cikin nama. Ta ce su likitoci ba faɗin suke tsoro ba, zurfin suke aunawa, don in abin ya yi zurfi sai ya samu hanya ya bi jiki, zangon farko kaluluwa, in ya wuce nan sai huhu ko hanta. Ta ce wanda aka kama yana sama-sama, bai kai milimita ɗaya ba, cikin mutum goma fiye da tara suna nan da ransu bayan shekara biyar. Na Mama ya wuce milimita huɗu, kuma ya fashe.

Baba ya san milimita, da ita ake sayar da soso. Na ga hannunsa ya sauka daga kan teburin a hankali.

Ya ce, "Likita, a cikin waɗannan, a wanne ne da mun zo da abin ya zo da sauƙi?"

Ta ce, "Baba, takalmi bai kawo ciwon nan ba. Ko da ba ka taɓa shi ba zai fito."

Ya ce, "Na ji. A wanne?"

Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Ya ce ta faɗa dai. Sai ta ɗora yatsa a kan na biyu.

Baba ya ce, kamar da kansa yake, "Ƙafar tana ta ihu ni ina toshe mata baki da soso."

Likita ta ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, abin da ke gabanmu aiki ne kuma da gaggawa, don ƙwayoyin nan ba sa jiran kowa ya gama tunani. Za a cire wajen da faɗi, zai tafi da 'yan yatsu da gaban ƙafar, dunduniya da tsakiya za su rage, kuma za a cire kaluluwar a duba. Hoton ƙirji da na ciki ba su nuna komai ba tukuna, wannan shi ne abin godiya. Mama ta tambaya kai tsaye, ita haka take, ta ce, "In an yi zan rayu?" Likita ta ce masu irin nata da aka yi wa aiki a wannan matakin wasu suna wuce shekara biyar har su manta, wasu ba sa kaiwa, ba za ta ce mata tara cikin goma ba don ƙarya ne, amma ƙofa a buɗe take, in kuma aka bari ya kai huhu to magana ta canza sosai.

Mama ta ce, "Zan yi tafiya?"

Likita ta ce, "Da takalmi na musamman, za ki yi."

Mama ta ce, "To ai shikenan, ina da mai yi a gida."

Baba ya ce, "A'a." Duk muka juya. Ya ce, "Hannuna ba zai ƙara taɓa ƙafarki ba, Saja. Su nemo wanda ya sani ya yi miki."

Mun ɗauka zafin ranar ne. Ina! Muna komawa ya wuce rumfa ya tattara basilla da reza da guduma ya zuba a buhu ya ajiye wa Mai Faci ya ce ya ba duk wanda yake so, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Da safe sai ya fita kamar mai zuwa aiki ya je ya zauna a kan tsohuwar taya a wajen Mai Faci, kansa a ƙasa, mutane su zo da takalmi a hannu ya ce ya daina. A gida ba ya iya haɗa ido da Mama. In ta shigo ɗaki ya fita, in ta miƙo masa abinci ya karɓa yana kallon bango. Ya rame a tsaye.

Ita kuma Mama ta kafe. Ta ce ba mai yanka mata ƙafa sai ta san wanda zai yi mata abin takawa, kuma ita tun tana budurwa ba ta taɓa sa takalmin da bai bi ta hannun mutum ɗaya ba, ba yanzu za ta fara ba. Yaya ta yi faɗa ta yi kuka ta yi lallashi, ta ce Mama wannan wane irin taurin kai ne, rai ake magana ba takalmi ba. Ta koma kan Baba ta ce, "Da ka hana ta zuwa da dariya, yanzu kuma za ka hana ta da kuka?" Baba ya ce gaskiya ta faɗa. Daga asibiti suka kira suka ce an ba Mama rana, in ta wuce sai an sake bin layi. Kuma kaluluwar da take kamar kan yatsa ta fara fin haka, ni nake taya ta sa zane ina gani. Kowa a gidan yana jin haushin kowa, kowa kuma yana jin kunyar kansa, don duk mun ga tabon nan, duk mun tafa ranar fareti.

Ana saura kaɗan ranar ta cika, da hantsi, Mama ta ce in ɗauko mata mayafi. Ta ɗaure ƙafar da bandeji ta zura silifas ɗin Yaya, irin na roba shafal ba soso ba rami, ta ɗauki takalminta na aiki a hannu. Na ce Mama bari in tsayar da mai mashin, ta ce in kika tsayar sai ki hau ke kaɗai. Daga gidanmu zuwa rumfa ba nisa amma ranar na ga nisansa. Kowane taku sai ta cije leɓe ta karkata gefe, Mama da ba ta karkata ko'ina, ni ce yau nake rage sauri ina jiranta. Kafin mu kai jini ya ɓullo ta bandejin.

Baba yana kan tayarsa kai a ƙasa. Shi da yake gane kowa da tafiya, sai da ƙafafun suka zo gabansa suka tsaya bai gane ba, don bai taɓa ganin Saja tana ɗingishi ba. Da ya ɗago ya gan ta sai ya miƙe zumbur.

Ta dangwarar masa da takalmin a gaba ta ce, "Yi sauri ina da wajen zuwa."

Ya ce, "Saja, don Allah."

Ta ce, "Buɗe min rumfa in zauna, ko a titi za ka bar ni?"

Mai Faci bai jira ba, ya zaro makullin daga aljihun rigar Baba ya buɗe ya jawo benci ya kakkaɓe. Ya ce, "Zauna ranki ya daɗe. Wannan mutumin ya cika min waje, ko iska bai iya bugawa ba, zo ki kwashe kayanki."

Mama ta zauna ta miƙe ƙafar. Baba yana tsaye ya ce, "Ni na ce miki ga asibiti a gida. Da bakina."

Ta ce, "Ka faɗa. Ni kuma na ji daɗi da ka faɗa. Kana tsammani ba ni da ido? A jikina yake, kullum ina wanke shi ina ganin yana girma. Tsoro nake ji, Injiniya. Na tambaye ka ne ina addu'a ka ce kar in je, kuma ka ce. In laifi ne mu raba, kar ka kwashe duka kai kaɗai kamar wani abin arziki."

Ya ce, "Da ban yi ramin ba da zafi ya kai ki tun a na biyu."

Ta ce, "Da ya kai ni. Ban ce ba ka yi kuskure ba, ka yi, babba ma. To yanzu fa? Ka zauna a kan taya kana jin tausayin kanka ni kuma abin yana ci gaba da cina. Ka ga yadda na zo nan? Haka kake so in ƙare, rabin ƙafa a silifas ɗin aro? Ni zan kai ƙafata a yanka, kai ɗan soso ne ba za ka iya yankawa ba?"

Baba ya durƙusa. Wallahi ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ba sauti, hawaye kawai suna bin gemu. Mai Faci ya juya baya yana ta buga wata taya da ba abin da ya same ta, can ya turo buhun kayan da ƙafa ya ce, "Ga tarkacenka, ba wanda ya so."

Baba ya jawo kwali ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ɗauki ƙafar Mama da hannu biyu kamar ƙwai ya ɗora, ya zagaye ta da fensir, layin farko ya karkace sai da ya sake. Ya zana ta dama ma. Sai ya ce, "Da sharaɗi. Ba zan yanka komai ba sai Likita ta gani ta ce e. Kuma gobe da safe kina asibiti."

Ta ce, "Wa ya ce maka jibi zan je?"

An yi aikin a ranar da aka sa. Baba ya je da kwalinsa Likita ta ja masa layi inda ƙafar za ta tsaya, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Kaluluwar da aka cire an samu ciwon a ciki, ba a duka ba, a wasu. Likita ta ce an cire abin da ido da na'ura suka gani, wanda ba a gani ba sai lokaci ya nuna, don haka duk bayan 'yan watanni Mama za ta riƙa zuwa a duba ta a yi hoto, shekara da shekaru. Duk ranar zuwa asibiti Baba ba ya iya karya kumallo.

Ya koma rumfa amma ya canza. Yanzu in ka ce takalmi na cizonka, kafin alli sai ya sa ka cire safa ya juya ƙafar a rana ya buɗa 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya ya duba farce. Rannan wani direba ya zo da baƙin abu a dunduniya, Baba ya ce ba zai yi rami ba sai ya je an duba. Mutumin ya yi ta masifa ya ce shi gyara ya zo ba wa'azi ba, ya tafi wajen wani shumekan. Baba ya bi shi da ido har ya sha kwana. Sosunan nan kuma suna nan a ƙusa, Yaya ta ce a ƙone su ya hana. Wani lokacin in ba kowa sai ka ga ya ciro na biyun yana shafa ɗan ramin da babban yatsa.

Takalmin Mama ya ɗauke shi lokaci, sai da ciwon ya warke kumburi ya sauka, ya yi ya kai wa Likita ta ce a rage nan ya dawo ya rage ya sake kaiwa. Baƙar fata ce mai laushi, na hagu ya cike gabansa da soso mai tauri yadda daga waje ba za ka ce akwai abin da ya ragu ba. Ranar da ya kawo gida Mama ta sa ta miƙe, ta dafa bango, ta saki bango, ta taka zuwa bakin famfo ta dawo. Akwai 'yar karkata kaɗan, ba wanda ya tafa. Ta zauna ta cire ɗaya ta juya ƙasansa, sai ta ga taya ya sa, mai kauri, irin ta babbar mota.

Ta ce, "Injiniya, wannan uban nauyi fa? Wannan ai sai ya shekara goma bai cinye ba."

Ya ce, "Zai kai."

Ta ce, "Likita ta ce shekara biyar suke ƙirgawa, biyar ɗin ma ba ta yi alkawari ba."

Baba ya karɓi takalmin ya durƙusa ya mayar mata a ƙafa ya ɗaure igiyar, bai ɗago ba ya ce, "Ni ban iya yin na shekara biyar ba, Saja. Ki taka kawai."